Uwar Rumfa da Na'urar Auna Hayaƙi

Tarinta yakan riga ta isa ko'ina. Kafin ka hango kallabinta ya ɓullo ta lungun bayan kasuwa za ka fara jin sa, mai kauri, daga can ƙasan ƙirji, sannan ta gyara murya ta yi sallama. Matan rumfar banda sukan ce ba su da bukatar agogo. Da zarar sun ji tarin nan sai kowacce ta tashi ta kama abin yi, domin Uwar Rumfa ba ta ƙaunar ta tarar da mace a zaune alhali kifi yana jiran wanki. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a bakin mutane. Ko mijinta, wanda tela ne mai ɗan shago a ƙofar gidansu, Uwar Rumfa yake ce mata, sai dai shi yakan ja sunan ya ƙara masa gishiri don ya tsokane ta.

Rumfar ba wata abar kallo ba ce. Dogon rufin kwano ne da hayaƙi ya mayar baƙi ƙirin, a kan ginshiƙan katako, ba bango sai ta gefe guda, inda aka yi wani ɗan ɗaki na ajiyar gishiri da buhuna. A ƙarƙashin rufin ganguna ne a jere, an yanke musu kai an ɗora ragar waya. Itace da dusar katako a ƙasa, kifi a sama, a rufe shi da tsohon buhu. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka wuta ake so, alhali hayaƙin ake nema. In harshen wuta ya tashi sai a yayyafa masa ruwa ya kwanta, ya koma turnuƙewa, mai ganga kuma ta sunkuya a kai tana juya kifi ɗaya bayan ɗaya har ya yi ja ya bushe.

Ba ta kai tsayin ganga ba ta fara shigowa nan, riƙe da gefen zanin goggonta, wadda ta ɗauke ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Goggo ta koya mata fiɗar kifi da sa gishiri da sanin itacen da ke ba da ƙamshi. Amma darasin da ya fi kama ta ba na kifi ba ne. Wata rana aka aike ta ta aro babban faranti a maƙwabta, aka kai kifi a ciki, ta ɗauraye shi sama-sama ta mayar, da ɗan baƙin hayaƙi a gefe. Goggo ba ta dake ta ba. Hannunta ta kama har gidan, ta sake karɓo farantin, ta zaunar da ita a tsakar gidan mutane da toka da soso, ta sa ta dirje shi har sai da ta ga fuskarta a ciki.

"Abin mutane," in ji Goggo, "ki mayar da shi ya fi yadda kika karɓo shi. Talaka ba shi da wata dukiya da ta wuce a yarda da shi."

Maganar nan ta zauna mata daram, ta girma da ita, ta yi aure da ita. Duk layinsu wanda zai yi tafiya ita yake bar wa makulli. An bar mata jarirai, an bar mata kaji, an bar mata firij. Wani maƙwabci ya taɓa barin rediyonsa mai karyayyen eriya a wajenta, ya dawo ya tarar an gyara, an goge, an ɗinka masa riga. Tela yakan ce da za a ba matarsa ajiyar wuta, da ruwan sanyi za ta mayar.

Goggo da tari ta bar duniya, haka ma wadda ta koya wa Goggo. A rumfar ba a ɗaukar abin a matsayin ciwo. Tarin rumfa suke ce masa, kamar kantar hannun manomi, alamar ka daɗe a aikin. Ba a kai shi asibiti sai ya kwantar da mutum, in ya kwantar kuwa galibi ba ya ɗagawa. Uwar Rumfa ta san nata yana nan tafe a hankali, ba ta kuma taɓa zama ta yi tagumi a kansa ba.

'Ya'yanta maza sun kama nasu sana'o'in, manyan matan sun yi aure sun yi nisa. Auta ce kaɗai ta bi ta. Ta yi makaranta daidai gwargwado, amma hannunta na banda ne, da hanci kawai take gane kifi ya yi. Ranar da aka kafa wa Auta gangarta a gefen ta uwar, Uwar Rumfa ta yini bakinta bai rufu ba. Duk wanda ya yaba sai ta ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Sai wata safiya Auta ta riga ta fitowa. Tana shiga lungu tari ya sarƙe ta, matan rumfa kuwa suka zabura, mai wanki ta kama wanki, mai hura wuta ta durƙusa. Da suka ga Auta ce sai aka kwashe da dariya, ana cewa ta gaji uwarta har murya. Uwar Rumfa tana 'yan taku kaɗan a baya, ta ji komai da kunnenta, ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba. Tsoro ne ya kama ta, irin wanda ba ta taɓa ji a kan nata ƙirjin ba. Tun daga ranar, ko tana tsakiyar ciniki kunnenta yana kan numfashin yarinyar.

A cikin wannan hali masu bincike suka zo. Wata matashiya ce mai tabarau ta jagorance su, daga wata cibiyar binciken lafiya, matan kuma nan take suka sa mata Malama. Ta gaishe da kowa da ladabi, ta zauna a kan buhun gishiri ba ta ko kakkaɓe shi ba, abin da ya sa ta shiga ran Uwar Rumfa ke nan. Ta ce suna auna yawan hayaƙin da masu sana'o'i daban-daban suke shaƙa, masu gasa burodi da masu walda da masu gawayi da su masu banda. In an tattara lambobin kowa, za a duba inda abin ya fi muni a gina musu sababbin murahu masu bututu, waɗanda ke fitar da hayaƙi ta saman rufi.

"Wato kifi ya sha hayaƙinsa, mu mu sha iska?" in ji Doguwa, wadda gangarta ke ƙarshen layi, bakinta kuma ya fi wuƙar fiɗa kaifi.

"Haka nan ne, Yaya," in ji Malama tana dariya.

Uwar Rumfa ta dubi Auta, ta ce a kawo abin awon ko a yau ne.

Na'urar ba ta fi sabulun wanki girma ba, tana cikin wata 'yar farar jaka mai igiya da ake ratayawa a wuya ta kwanta a ƙirji. In ka kasa kunne za ka ji tana ɗan gurnani a hankali. Malama ta rataya wa kowacce tata, ta ce su yi aikinsu kamar kullum, kada su cire sai an tashi, da yamma direban cibiyar zai riƙa zuwa ya karɓa ya bar wasu. Har ta juya za ta tafi sai ta dubi Uwar Rumfa ta ƙara da cewa, "Don Allah Mama, a ɗan kula da su, kada ruwa ya taɓa. Ba mu da su da yawa, daga nesa aka aiko mana."

Da ta san wadda take faɗa wa wannan magana, da ta haɗiye ta.

Ranar farko Uwar Rumfa ta yi biyayya har rana ta take. Da ta sunkuyar da kai ta dubi ƙirjinta sai gabanta ya faɗi. Farar jakar nan ta koma ruwan ƙasa, ga man kifi ya ɗiga a gefe, ga ƙauri ya kama igiyar. Ta dubi ta Doguwa, ta fi tata muni. Kayan mutane, daga nesa, yarinya mai ladabi ta damƙa mata hannu da hannu, a yini guda sun zama haka? Ta ji kamar Goggo tana tsaye a bayanta. Nan take ta bi layi tana miƙa hannu, kowacce ta ciro tata. Ta wanke jakunkunan da sabulu ta shanya, ta goge na'urorin da gefen mayafinta, ta naɗe su a sabon ƙyalle, ta sa a babban kwano mai murfi, ta kai ɗakin gishiri ta ja ƙofa.

"Yaya, ba cewa aka yi mu rataya ba?" in ji Doguwa.

"An kuma ce mu kula da su. Ke in aka ba ki aron zani, a gindin murhu za ki zauna da shi?"

"Inna," in ji Auta, "hayaƙin fa suke son aunawa."

"To ɗakin gishiri a wata ƙasa yake? Ba cikin rumfar nan yake ba? Hayaƙi ai ba a yi masa iso. In tana da hanci za ta ji shi daga can."

Auta ta buɗe baki za ta ƙara, uwar ta watsa mata kallon da ya sa ta koma kan kifinta. A rumfar nan wuƙa da nama suna hannun mutum ɗaya, kuma ba a taɓa kama ta da kuskure a kan amana ba, wa zai fara yau?

Haka aka tsara abin, ya kuma tafi sumul. Da safe, lokacin wanki da sa gishiri, kowacce takan rataya tata don cika umarni. Da an tashi hura wuta sai a tattara su a kwano. Da yamma, in wuta ta mutu, a fito da su fes a miƙa wa direba, shi kuwa har yabo yake yi, yana cewa duk wuraren da yake zagayawa su kaɗai ne suka san darajar kaya, na masu walda sai ka rantse daga bola aka tsinto su. Uwar Rumfa takan ce ai ba komai, ranta kuwa fari tas.

Sau ɗaya Malama ta leƙo da kanta, da hantsi, kafin a kunna wuta sosai. Ta tarar da kowacce da na'ura a wuya. Ta ce lambobinsu suna ba ta mamaki, anya suna sawa kullum? Uwar Rumfa ta ce kullum ta Allah, kuma a ganinta ba ƙarya ta yi ba. Malama ta ɗaga kai ta dubi rumfar, ta ga ba bango, ta ji iska tana kaɗa gefen ɗankwalinta, ta gyaɗa kai ta tafi. Akwai wurare da yawa da ke jiranta a ranar.

Watanni suka shuɗe, tarin Auta bai tafi ba. Sai aka aiko cewa kowa ya hallara a zauren taro na ofishin lafiya a ji sakamako. Uwar Rumfa ta ci ado ta zauna a layin gaba, matanta a bayanta. Aka haska farin bango, sai ga sanduna a tsaitsaye, kowace sana'a da tata. Malama ta ce tsawon sanda shi ne yawan hayaƙin da masu ita suke shaƙa. Ta masu gawayi ta kusa taɓo rufi, ta masu burodi tana biye, ta masu walda ma ba baya ba. Can a ƙarshe ga wata 'yar guntuwa, kamar kujerar tsuguno a cikin manyan kujeru.

"Wannan ta rumfar banda ce," in ji Malama. "Gaskiya ba mu zata ba. Iskarsu ta fi ta kowa tsabta. Muna ganin don rumfar a buɗe take, iska tana kwashe hayaƙin."

Aka yi tafi. Allah sarki, Uwar Rumfa har da gyara zaman mayafi, tana waiwaye tana amsa gaisuwa da kai. Duk inda aka ambaci tsabta ta san nata ne. Ba ta ankara ba sai da shugaban cibiyar, wani dattijo mai furfura, ya miƙe ya ce bisa ga abin da lambobi suka nuna, za a gina sababbin murahu ga masu dogayen sanduna. Masu banda kuwa, tunda Allah ya hutar da su, sai a taya su murna.

Doguwa ta matso da bakinta kusa da kunnenta. "To Yaya, mun ci gasar tsabta. Sai a ba mu kofi mu riƙa tofa tari a ciki."

A bayan Uwar Rumfa, Auta ta toshe baki da mayafi tana ƙoƙarin danne tari don kada ta dami taro.

Da yammar ranar ta zauna a bencin shagon mijinta ta kwashe komai ta faɗa masa, tun daga kwano har tafi. Tana faɗa tana kare kanta, ita me ta yi banda riƙon amana? Tela bai daina taka kekensa ba sai da ya kai ƙarshen ɗinkin, ya ciji zare, sannan ya dube ta ta saman tabarau.

"Kin san abin da ya fi ba ni haushi a sana'ar nan? Mutum ya zo awo, ina zagaya masa tef, sai ya shanye tumbi don kunya. Ni kuwa abin da tef ya faɗa shi nake yankawa. Ranar da wando ya ƙi hawa sai ya ce tela bai iya ba."

"Au, yanzu ni ce mai tumbin?"

"Ni ban ce ba, Uwar Rumfa." Wannan karon bai ja sunan ba. "Amma wandon nan Auta ce za ta sa shi."

Da a ce zaginta ya yi da ta sami abin ramawa. Ta tashi ta shiga gida. Garin neman gira ta rasa ido, kuma ba idonta kaɗai ba, har na 'yarta da na duk matan da suka miƙo mata na'urorinsu don sun yarda da ita. Abin da ya fi ci mata rai shi ne babu wanda zai taɓa ganewa in ta yi shiru. Matan ba za su tona ta ba, sunanta zai zauna da tsabtarsa har ta mutu.

Washegari ba a ji tarinta a lungu ba. A ƙofar cibiyar aka ji shi. Mai gadi ya kai ta wani ɗaki mai sanyi kamar cikin randa, matasa a jere kowa ya ƙura wa kwamfuta ido, ba mai magana. Ta ji ƙaurin jikinta ya cika wurin, abin da ba ta taɓa lura da shi ba. Malama ta taso da murna ta ba ta kujera, ta ƙi zama. Ta ce maganar da ta kawo ba ta zama ba ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A tsaye ta faɗe ta, a gaban yaran nan duka, ba ta rage ko murfin kwanon ba.

Malama ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. Ta daɗe tana murza ido.

"Mama, duk tsawon lokacin nan? Dukkanku?"

"Dukkanmu, amma kada ki ga laifin kowa. Ni na karɓe. Na ga kayanki za su lalace, 'yar nan."

"Ai don su lalace aka kawo su!" Muryarta ta tashi har matasan suka ɗago kai. Sai ta sassauta. "Yi haƙuri, Mama. Nawa laifin ya fi naki. Na ga mata suna tari, na ga lambobi suna cewa ba komai, maimakon in zo in yini da ku sai na nemo wa lambobin uzuri. Iska! Ni da bakina na tsaya gaban jama'a na ce iska ce."

"To yanzu a gyara mana sandar."

"Ba a gyara ta da hannu. Dole in je in gaya wa shugabanmu cewa duk abin da muka rubuta a kanku ba daidai ba ne, a cire shi, a sake awo daga farko. Ba zai ji daɗi ba, ni ma zan sha nawa faɗan. Murahun kuma an riga an raba, har an fara gini. Ba zan yi miki alkawarin za a samo wasu ba. Abin da zan iya shi ne in kai gaskiyar inda ake yanke shawara."

"Ni ba don kaina na zo ba," in ji Uwar Rumfa. "Nawa ƙirjin ya riga ya gama cin rabonsa. Yarinyata ce."

Sai a nan ta zauna.

Ranar da aka sake awon, Malama ta zo tun da sassafe da kujerarta, ta ce yau a nan za ta yini. Uwar Rumfa da hannunta ta rataya wa kowacce na'ura, ta kuma yi shela cewa duk wadda ta goge tata ko ta kare ta da mayafi, ita da ita ne. Doguwa ta ce ikon Allah, yau ƙazanta ta zama doka. Aka hura wuta, aka yayyafa ruwa, hayaƙi ya turnuƙe ya kwanta a ƙarƙashin kwano kamar yadda ya saba. Kafin rana ta take Malama ta cire tabarau ya fi a ƙirga, hawaye da majina sun haɗe mata, matan suna ta yi mata tsiya.

"Malama, ina iskar taki? Ko yau ba ta zo aiki ba?"

Ta yi dariya tana tari, amma ba ta fita ba. Uwar Rumfa kuwa yinin nan ya yi mata tsawo. Tana kallon man kifi yana ɗiga a kan farar jaka, hannunta yana ƙaiƙayi, sai ta damƙe shi a bayanta ta kau da kai.

Da yamma, bayan an tattara na'urorin, Malama ta ware ta wuyan Auta. Ta ce a ƙa'ida ba a buɗe su sai a ɗakin awo, amma wannan ta kawo ta ne daban don su gani da idonsu. Matan suka kewaye ta. Ta kwance bayan na'urar, ta sa ɗan hantsaki ta zaro wani abu mai faɗin maɓallin riga, ta ɗora a kan murfin roba. Sannan ta buɗe wata 'yar leda ta fito da irinsa sabo, ta ajiye a gefensa. Sabon fari ne kamar auduga. Na wuyan Auta baƙi ne kamar gindin tukunya, har da maiƙo yana ƙyalli.

"Wannan 'yar takardar ita ce matata," in ji Malama. "Na'urar tana zuƙar iska kamar yadda mutum yake zuƙa, abin da ke cikin iskar sai ya maƙale a nan. Da safe wannan ma fara ce."



"Na kwana nawa ne wannan?" in ji Uwar Rumfa.

"Na yau kaɗai, Mama."

"To ita za a canza mata takarda gobe. Mutum fa?"

Malama ta sunkuyar da kai tana rufe ledarta. Daga baya ta ce lallai su je asibiti a duba ƙirjinsu, uwar da 'yar, ita kuma za ta kai lambobin sama ta tsaya a kansu. Ko a samu murahu ko kada a samu, sai abin da Allah ya yi, kuma ko an samu ba bana ba.

Ba bana ba. Uwar Rumfa ta juya maganar a ranta, ta dubi baƙin abin nan, ta dubi 'yarta. Auta ta riga ta koma kan gangarta, don akwai sauran kifin da bai gama yi ba, ta ɗaga buhu ta sunkuya a cikin hayaƙin tana juyawa da hannun nan nata mai kyau. Uwar ta taka ta isa wurinta, ta riƙe mata wuyan hannu.

"Sake shi."

"Inna, zai ƙone."

"Na ce sake shi. Kwance zanin aikin nan, ki wanke hannu ki tafi gida. Gobe kada ki zo. Jibi ma haka."

Auta ta yi 'yar dariya, ta ɗauka wasa ne, sai da ta ga fuskar uwar. "Me na yi?"

"Ba ki yi komai ba. Na kore ki."

"Inna, wannan fa gangata ce. Ke kika kafa min ita. Me zan je in yi? Wa zai taya ki?"

"Ki je babanki ya koya miki keke, ko ki koma makaranta, ko ki zauna ki ƙirga kwanon rufi, duk ɗaya ne a wurina. Ranar da aka kafa bututu a rumfar nan ki dawo, gangarki tana nan. Kafin nan in na ga ƙafarki a lungun nan ban yafe ba."

Kalmar ta yi nauyi, kowa ya san ba a mayar da ita. Auta ta fashe da kuka, ta kwance zanin ta yar a ƙasa, ta fita ba ta waiwayo ba. Uwar Rumfa ta bi bayanta da kallo har ta sha kwana. Abin da ta fi alfahari da shi a duniya ke nan ta kora da bakinta, kuma zuciyarta ta karye, hawaye suna zuba ba ta share ba. A rumfar nan kowa idonsa ruwa yake yi, don haka ba wadda ta tambaye ta.

Ta sunkuya ta ɗauki zanin ta ninke. Sannan ta ja kujerarta zuwa tsakanin gangunan biyu, tata da ta Auta, ta ɗaga buhun ta ci gaba da juya kifin daga inda yarinyar ta tsaya.